Ku Tambayi Baba: Ina Manyanmu Suke Kwance?

Tun da aka yi jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a Daura cikin Yulin 2025, jama'a suka ga an binne shi a harabar gidansa, wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka koma zancen kabari da maƙabarta. Na tsamo biyar daga ciki. Na rage tsawon wasu, amma na bar wa kowa bakinsa yadda ya rubuto, don ba ni da hurumin gyara wa Basakkwace Sakkwatancinsa.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ni ɗalibi na a jami'a. Na ga wani bidiyo a waya na wata maƙabarta a birnin Paris, mutane na shiga da taswira a hannu suna neman kaburburan mawaƙa da shugabanni. Mi yas sa mu ba mu da irin wagga a Sakkwato, ga mu da manyan mutane? Ko ba mu san darajar namu ba ne? Daga wani ɗalibi, Runjin Sambo.

Amsa: Ɗana, wadda ka gani sunanta Pere Lachaise, tana gabashin Paris, faɗinta ya kai hekta 44. Kafin ka yanke mana hukuncin rashin sanin darajar mutane, tsaya ka ji yadda aka yi ta cika da manya, don ba haka ta tashi ba.

An buɗe ta a 1804, zamanin Napoleon, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A lokacin tana bayan gari, mutanen Paris kuwa suka ƙi kai mamatansu can saboda nisa. Su kuma masu kula da ita filin kabari suke sayarwa, in ba mai saye ba kuɗin shiga. Sai suka yi dabara. A 1817, shekarar da Shehu ya rasu a nan Sakkwato, aka ɗauko ƙasusuwan wasu shahararrun marubuta biyu, Moliere da La Fontaine, waɗanda sun fi shekara ɗari da mutuwa, aka kai su can da shagali. Shi ke nan, masu hannu da shuni suka shiga rububin sayen fili, kowa na son ya kwanta kusa da babban mutum. Daga nan abin ya ɗore. Yau akwai tsofaffin shugabannin Faransa a ciki, irin su Adolphe Thiers da Felix Faure, ga makaɗin piyano Chopin, ga mawaƙiya Edith Piaf da ta mutu a 1963, ga Jim Morrison, mawaƙin Amurka da ya mutu a Paris a 1971. Kabarin marubuci Oscar Wilde kuwa sai da aka kewaye shi da gilashi a 2011, saboda masu ziyara sun dame dutsen da jan-baki wajen sumbatarsa. Ka ga ke nan da ciniki abin ya fara, daga baya ya zama wurin yawon buɗe ido.

Mu kuma fa? Mutum ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa wanka, an sa likkafani, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne a gaggauta jana'iza. Ina lokacin da za a kafa kwamiti a zauna ana shawarar ko wane ya cancanci shiga sahun manya? Kafin labari ya gama zaga gari, masu rakiya sun dawo sun zauna karɓar gaisuwa.

Sannan Bahaushe, kome nisan da ya yi, gida ake mayar da shi. Alhaji Shehu Shagari ya rasu a Abuja ranar Juma'a 28 ga Disamban 2018, washegari yana kwance a garin Shagari. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Bauchi. Janar Murtala Muhammad da aka kashe a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976, Kano aka kai shi. Malam Aminu Kano a cikin gidansa na Gwammaja aka binne shi a 1983, gidan da yanzu ake kira Mambayya. In kowa garinsu za a kai shi, ta yaya za su taru wuri guda? Abin da ya fi kusa da wanda kake nema shi ne maƙabartar Ɗanmarna a Katsina. Maƙabartar gari ce da ake kai kowa, amma a cikinta shugaban ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa yake tun ranar 6 ga Mayun 2010, haka ma yayansa Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ya rasu a kurkukun Abakaliki cikin Disamban 1997. Duk da haka ba ka ganin ana sayar da taswira a bakin ƙofa.

Ga kuma fiƙihun da muka tashi a kai. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ya ji inda aka ce makaruhi ne a yi gini a kan kabari ko a shafe shi da farar ƙasa. Wannan ba namu ne mu kaɗai ba. Sarki Fahad na Saudiyya a 2005 da Sarki Abdullahi a 2015, duk arzikin man fetur ɗin nan, a maƙabartar Al-Ud ta Riyad aka binne su, tudun ƙasa kawai ba suna. Wanda ya je Baƙi'a a Madina ya ga yadda take: Sayyidina Usman ɗan Affan na ciki, Imamu Malik na ciki, kuma ba gini a kan ko ɗaya. Can aka kai Alhaji Aminu Ɗantata a 2025.

Ni dai ba na fatan a yi mana irin ta Paris a nan. Ba na son ranar da za a ce filin kabari na gefen wane ya fi na gefen wane tsada. Amma kada ka ɗauka ina cewa mu ba mu bambanta mamata ko kaɗan. Muna yi, karanta amsar da ke biye.

Tambaya: Malam, gardama ce ta kaure a majalisarmu bayan la'asar. Wani ya dage cewa duk Sarakunan Musulmi a Hubbaren Shehu suke, har da Sardauna. Ni na ce a'a. Har an sa goro. Ka raba mu. Daga wani dattijo, Rijiyar Ɗorowa.

Amsa: Alhaji, kai ke da gaskiya, amma goron a raba wa 'yan majalisa gaba ɗaya kada abin ya zama caca da furfurarmu.

Fara da wannan: Hubbare ba a matsayin maƙabarta aka gina shi ba. Gidan Shehu ne. Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, Shehu ya taso daga Sifawa ya dawo nan a 1815, ya zauna shekara biyu, ya rasu cikin Afrilun 1817, aka binne shi a cikin gidansa. Daga baya iyalansa da makusantansa suka riƙa samun makwanci kusa da shi. Nana Asma'u, 'yarsa, wadda ta rasu a 1864, tana nan. Shi ya sa in ka shiga ba ka jin kamar maƙabarta ka shiga. Ka bi lungu, ka wuce masu tallar carbi da turare, ka wuce mabarata da ke zaune a jere a bakin ƙofa, ka tuɓe takalmi, ka ratsa zaure. Tsarin gidan Bahaushe ne, sai dai masu gidan sun daɗe da kwantawa.

To amma 'ya'yan Shehu da suka yi sarauta fa? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina garin nan da kansa, ba ya cikinsa. A Wurno ya rasu a 1837, a ribaɗinsa, wato garin tsaron iyaka da ya zauna, can kuma hubbarensa yake. Ƙanensa Abubakar Atiku da ya gaje shi, a Katuru ya rasu a 1842 a kan hanyar dawowa daga yaƙi, aka binne shi a can. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, yana Gwandu. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya kuwa ya fi kowa nisa. Bayan yaƙin Giginya na 15 ga Maris 1903 ya fita da jama'arsa ya nufi gabas, Turawa suka bi shi har Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, suka kashe shi cikin Yulin shekarar. Can yake kwance tare da waɗanda suka faɗi da shi. Mutanen farko inda ajali ya riske su nan ake binne su, ba a ɗaukar gawa a yi ta keta daji da ita a kan raƙumi cikin zafin bazara.

Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Raba, tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Bello, in da jini ne kaɗai ke kawo mutum Hubbare da ya fi kowa cancanta a zamaninsa. Amma sojoji suka kashe shi a gidansa na Kaduna daren 15 ga Janairun 1966, shi da uwargidansa Hafsatu, gari a yamutse, ba wanda ya san abin da zai faru gobe. A Kaduna aka binne su, a gidan Sarkin Musulmi da ke Unguwar Sarki. Ka gaya wa abokin gardamarka in yana son ziyartarsa sai ya shiga mota.

Waɗanda zai samu a Hubbare su ne na baya-bayan nan. Akwai Sarkin Musulmi Abubakar na uku, da ya yi shekara hamsin a kan gado, daga 1938 zuwa 1988. Akwai ɗansa Muhammadu Macciɗo, wanda ya rasu a haɗarin jirgin ADC da ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja ranar 29 ga Oktoban 2006, haɗarin da ya haɗa da ɗansa Sanata Badamasi. Duk wanda ke garin nan a ranar ya san yadda Sakkwato ta kwana. Akwai kuma Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi. A nan ne nakan tsaya in yi tunani. Masu shekaruna sun tuna tarzomar 1988 da aka naɗa Dasuƙi alhali jama'a da yawa Macciɗo suke jira, an ƙona dukiya, an rasa rayuka. Sun tuna 1996 da gwamnatin Abacha ta tuɓe Dasuƙi ta kai shi Zing a jihar Taraba, aka naɗa Macciɗo. Shekara ashirin Dasuƙi ya yi a wajen sarauta. Da ya rasu a Abuja ranar 14 ga Nuwamban 2016, Sakkwato aka kawo shi, Hubbare aka kai shi. Mutanen da muka yi ta ɓata da juna a kansu, wasu har yau ba su ga maciji, ga su cikin katanga ɗaya.

Cikin 'yan siyasa, Marafan Sakkwato Umaru Shinkafi, tsohon shugaban hukumar tsaro ta ƙasa wanda ya nemi shugabancin Najeriya, ya rasu a Landan cikin Yulin 2016, shi ma Hubbare aka kawo shi. To ka ga abin da na gaya wa ɗalibin can. Ba a sayen fili a Hubbare, amma ba kowa ake kaiwa ba. Sai da izinin fada, kuma jini ko sarauta ko kusanci da gidan ne ke buɗe ƙofar. Ba laifi nake kamawa ba, gidan mutane ne, su ke da iko da shi. Amma in za mu yi alfahari da cewa kabarinmu ba ya bambanta sarki da talaka, mu faɗa da sauƙin murya.

Tun da majalisarku na son gardama, ga wata ku ɗora a kai gobe: Baturen nan Clapperton da aka sa wa titi sunansa, a garin nan ya mutu cikin Afrilun 1827, zamanin Bello, yaronsa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye bayan gari.

Tambaya: Baba, ƙawayena sun shirya zuwa ziyara Hubbare, maigidana ya ce bidi'a ce, uwata kuma ta ce ita tun tana budurwa take zuwa. Wa zan bi? Daga ɗiyarka, Mabera.

Amsa: Ɗiyata, ni ba mai ba da fatawa ba ne, kuma wannan saɓani ya girme ki. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne hadisin da Annabi ya ce da ya hana ziyarar kaburbura, amma yanzu a ziyarce su, domin suna tunatar da lahira. A kan zuwan mata ne malamai suka rabu, wasu suka halatta da sharaɗin kamun kai da barin kururuwa, wasu suka hana. Matan garin nan kuwa sun daɗe suna zuwa, tun zamanin 'yan taru, matan da ke taruwa neman ilimi wurin Nana Asma'u, kuma har yau za ki tarar da ayarin mata daga ƙauyuka da Jamhuriyar Nijar.

Abin da ni ba na so, na gani da idona kuma ban ji daɗi ba, shi ne ɗibar ƙasar wurin a ƙulle a bakin zane a ce magani ce, ko mutum ya tsaya yana roƙon mamaci haihuwa ko miji. Wanda ke kwance addu'arki yake bukata. A yi sallama, a roƙa masa gafara, a ba mabarata abin da ya sawwaƙa, a fito. Amma ba da izinin maigidanki ba kada ki fita, ziyara ba ta kai a ɓata aure a kanta ba. Addu'ar da kika yi wa Shehu daga kan sallayarki a Mabera za ta isa.

Tambaya: Malam, ni mahauci na, kuma tun ina yaro nike bin dambe. Na ji an ce har yau mutane na zuwa kabarin Muhammad Ali a Amurka. Mu ga Shago, shahararren ɗan damben nan, ga Ɗan'anace da ya yi mai waƙa, ba ka jin ko an ambaci inda su ka kwance. Shin wasa da kiɗi ba aikin da za a tuna mutum da shi ba ne? Daga wani mahauci, Tsohuwar Kasuwa.

Amsa: Sarkin fawa, wannan tambayar ta fi sauran yi mini nauyi.

Gaskiya ne abin da ka ji. Muhammad Ali ya rasu ranar 3 ga Yunin 2016. Sai ranar 9 ga wata aka yi masa sallar jana'iza a Louisville, garin haihuwarsa, dubban mutane a sahu, washegari aka zaga gari da gawarsa jama'a na watsa furanni a kan mota, sannan aka binne shi a maƙabartar Cave Hill, fuskarsa na kallon alƙibla. Mako guda ke nan tsakanin rasuwa da binnewa, abin da ba za a taɓa yi a nan ba. A maƙabartar nan kuma akwai Kanar Sanders, tsohon nan mai farin gemu da ke jikin tambarin KFC, masu ziyara kan haɗa su biyu a tafiya ɗaya. Pele da ya mutu cikin Disamban 2022, a wata maƙabarta mai hawa-hawa kamar benen haya aka sa shi a birnin Santos na Brazil, ba nisa da filin da ya yi suna.

Dawo gida ka gani. Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994, ya shiga raga ya riƙe ta yana kuka, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993, ya rasu cikin Mayun 2012 bayan shekaru yana zaman kaɗaici a Ibadan. Aka kai shi ƙauyensu Ira a jihar Kwara aka binne. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa mazaunin Funtuwa, ya rasu a asibiti a Kano cikin Yunin 1999, aka kai shi Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Rabilu Musa Ibro da ya sa Arewa dariya shekara da shekaru, Ɗanlasan aka mayar da shi cikin Disamban 2014. Su ma dai dokar nan ce ta komawa gida.

Sai dai akwai abin da ya fi wannan, kuma kai ka fi ni saninsa. Al'adarmu ta ajiye makaɗi da maroƙi da ɗan dambe a ƙasan tabarma. A ji daɗin waƙarsa, a yi masa kyautar riga da doki, har kujerar Makka, amma ya zo neman auren ɗiyar gidan a ce a'a. In ya tsufa murya ta dushe, ko hannun da yake naɗa wa kara ya fara rawa, sai ka gan shi a bakin kasuwa ba mai kula shi. Wasu ma da kansu suke sanar da tuba kafin su mutu, 'ya'yansu kuma ba su son a tuna musu sana'ar uba. Wanda aka yi wa haka yana raye, wa zai kula da kabarinsa?

Duba sunayen titunanmu da filayenmu. Kusan duk sarakuna ne da 'yan siyasa da sojoji. Ɗan wasan da na san ya samu babban fili da sunansa a garin nan shi ne Shehu Kangiwa, wanda ya faɗo daga kan doki yana wasan folo a Kaduna cikin Nuwamban 1981 ya rasu, shi ma don gwamna ne aka sa, ba don folo ba. Alhali ƙasar Sakkwato ta dā ita ce rumbun makaɗan Hausa. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda har yau malaman jami'a ke rubuta kundin digiri a kan azancinsa. Salihu Jankiɗi, makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar. Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991. Sarakunan da suka yi wa waƙa, da yawansu yau ba mai tuna su sai ta bakin waɗannan mutane. Shago kansa, yaran da ke cika gidan dambe yanzu suna ihun Kudu da Arewa da Guramaɗa, wato ɓangarorin 'yan dambe, ba wanda ya ga turminsa ko ɗaya. Kalangun Ɗan'anace ne ya ajiye musu shi, da shi da karonsa da Ɗandunawa.

Saboda haka in ka tambaye ni abin da ya kamata a yi musu, ba zan ce a je a yi wa kaburburansu siminti ba. Iyalansu su ke da hakkin wannan, kuma addini ya riga ya yi magana. Abin da ke hannunmu shi ne muryoyinsu. Akwai tsofaffin faya-fayai da kaset-kaset a gidajen rediyo da hannun 'yan kasuwa da ɗakunan tsofaffi, zafi da ƙura na cin su kullum. A kwashe su a kwamfuta, a rubuta wane ne ya yi, wa aka yi wa, a wace shekara, su wa ke amshi. A nemi 'yan amshin da suka rage da ransu a ɗauki bayaninsu. Muna da hukumar tarihi da al'adu mai sunan Waziri Junaidu, muna da sashen Hausa a jami'a, wurin ajiya bai gagara ba. Ku ma mahauta kuna da ƙungiya kuna da asusu, kuma dambe naku ne tun asali. Ba sai kun jira gwamnati ba kafin ku sa gasa guda a shekara da sunan Shago, a buɗe ta da addu'a gare shi, a kai wa iyalan tsofaffin 'yan dambe wani abu daga kuɗin ƙofa.

Tambaya: Baba, mu namu ba shahararre ba ne. Tela ne, ya rasu ina aiki a Kudu, ban samu jana'iza ba. Da na dawo bayan shekara biyu ƙanena ya kai ni maƙabarta, muka yi ta yawo bai gane kabarin ba. Abin na damuna har yau. Daga ɗanka, Gidan Igwai.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗana, ya sa ya huta. Kada ka riƙe ƙanenka a zuci. Ranar jana'iza mutum ba ya cikin hayyacinsa, kuma maƙabarta na sauya kama cikin damina biyu. Itacen da aka jera a kan ramin ciki yakan ruɓe ko gara ta cinye shi, tudun ya lotsa, ciyawa ta rufe. Allon ƙarfen da ake kafawa fenti ne a jikinsa, rana ta kankare shi, in ma 'yan jari-bola ba su tsallako katanga sun tumɓuke shi ba. Bishiyar da ya yi alama da ita wataƙila an sare.

A nan nake rabuwa da masu cewa ai haka addini ya so. Addini ya hana gini da ƙawa, bai hana alama ba. Da Usman ɗan Maz'un ya rasu a Madina, Annabi da hannunsa ya ɗauko dutse ya ajiye a wajen kansa domin ya riƙa gane kabarin, ya kuma binne waɗanda suka rasu daga iyalin gidan Annabi kusa da shi. Rashin littafin rajista a yawancin maƙabartunmu sakaci ne kawai. Littafi guda a ɗakin mai gadi, a rubuta suna da rana da layi da lamba, a kafa turakun siminti a bakin kowane layi, ba a taɓa kabarin kowa ba. Kwamitin masallacin unguwa guda zai iya ɗaukar nauyin wannan, kuɗinsa bai kai na lasifikar da muke sauyawa kowace shekara ba.

Kai kuma ga abin da za ka yi. Ka koma da safe, kafin a fara kawo gawa, ka nemi mafi daɗewa cikin masu haƙar kabari, ba matasan ba. Ka gaishe shi da girmamawa, ka riƙa masa wani abu, don yawancinsu ba albashin kirki gare su ba, da sadaka suke rayuwa. Ka gaya masa wata da shekarar rasuwar, da unguwar da aka ɗauko gawar, in ka san wani da ya rasu a makon nan ka ambace shi. Galibi a jere suke haƙa, sashe bayan sashe, saboda haka waɗanda suka rasu lokaci guda suna kusa da juna. In kuka samu allo ko guda da ya rage mai kwanan wata na makon, to mahaifinka na cikin 'yan taku kaɗan daga nan. Ko ba ku tantance wanne ne ba, ka tsaya a layin ka yi sallama ka yi addu'a. In ka ga waɗanda suka rufta a wurin, ka sayi kurar ƙasa biyu a gyara su duka kafin ruwan farko ya sauka.